Waƙar da na ajiye wa Ummi

Ɗanlami ya ɗauki waƙar da na yi wa matata marigayiya, ya cire sunanta ya sa na 'yar wani dillalin masara. Abin da ya raba mu ke nan, ba hassadar da ake cewa ina yi masa ba. Ku da kuka shigo sana'ar daga baya gara ku ji daga bakina, don har in koma ga Allah ba zan manta da ranar ba.

Tare muka tashi da shi a Kiru, tare muka gudu daga firamare a aji huɗu. Da ya zama mawaƙi, ni na zama babban ɗan amshinsa. Ga wanda bai san tsarin ba, mawaƙi shi ke jan baiti, 'yan amshi su karɓa, masu kalangu su riƙe kiɗa. Dokar ɗan amshi ɗaya ce: in an shiga fili ba ya yin shiru, ko da kunama ce a wandonsa. Kuma kowa ya san ana sauya wa waƙa riga. Wadda aka yi wa ango a Bebeji, gobe sai a kai ta Doguwa da sunan wani. Ni ma na sha yi. Amma ba kowace waƙa ce ta fili ba.

Matata Hajara 'yar garin Ɗansoshiya ce. A kasuwar Kafin Maiyaƙi na fara ganinta tana sayar da dafaffiyar gyaɗa. Na tsaya ina ta jan ciniki har ta ce, "Malam, in ba saye za ka yi ba matsa, ka tare mini kasuwa." Wajen haihuwar 'yarmu Ummi ta rasu. Ko hotonta ɗaya ba mu da shi, ba ta son hoto. Shi ne na yi mata waƙa, na sa wushiryarta, na sa yadda take rufe baki da gefen mayafi in za ta yi dariya. Amshin kuwa, "Na matsa, Hajara, dawo ki ci kasuwarki." Niyyata in ajiye ta sai ranar auren Ummi in rera mata, ta ga uwarta ko da da kunne ne.

Mutum ɗaya na taɓa rera wa. Motarmu ce ta lalace a dajin Falgore za mu Doguwa, direba ya tafi neman bakanike, ni da Ɗanlami muka koma gindin wata bishiya, na rera masa ita. Da na gama har hawaye ya yi. Ya ce, "Sale, Allah ya jiƙan Hajo. Wannan ta fi ƙarfin biki." Ashe haddacewa yake yi.

Asabar ɗin bayan Babbar Sallah muka je Tudun Wada bikin 'yar dillalin, Bilkisu. Bayan la'asar fili ya cika, Ɗanlami ya ce a sassauta kiɗa. Sai kawai na ji baitina a bakinsa. Yana ta yabon wushirya, amaryar kuwa haƙoranta a haɗe suke kamar ƙwayar masarar ubanta. Ya ja, ya juyo ya kalle ni in karɓa. Baba Iro mai kalangu ya zungure ni, "Karɓa mana, Sale, fili ne fa!" Ban karɓa ba. Na ajiye makirfo na ratsa taron mata na fita. Daga nan aka ce ɗaukakarsa ce ta tsone mini ido.

Na so in haɗiye. Amma ya je Kano ya buga ta a sutudiyo, ta shiga wayoyin mutane, 'yan acaɓa suna yawo da ita. Wata rana Ummi ta dawo daga Islamiyya tana tsalle tana rera, "Na matsa, Bilkisu." Ta ce, "Baba, ka iya wannan? Ta Kawu Ɗanlami ce."

Ranar kasuwa na same shi a rumfar mai shayi cikin yaransa. Ya taso yana dariya.

"Haba Sale, har yanzu? Waƙa ai iska ce. Da a cikinka za ta ruɓe, na fito da ita duniya ta ji. In suna kake so sai a sa naka."

Na ce, "Ba sunana ka cire ba, Ɗanlami. Sana'armu ta koya mana kowane suna yana shiga kowace waƙa, har ka manta akwai mutum a bayan sunan. Ka ci tuwon Hajara, da kai aka ɗauki makararta. Sau ɗaya muka binne ta tare, kai ka koma ka sake binne ta a bakin 'yarta. Je ka ci gaba da rerawa. Amma duk ranar da ka zo kan wushiryar nan, ni da kai mun san ko ta wace ce."