Yaya Asabe da hulunan maɓallai masu ƙugiya

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai Yaya Asabe makwancinta a Tudun Wada. Ni ne ƙaninta da ke bi mata, malamin makaranta a Kiru. Kowace shekara idan wannan wata ya kama nakan zauna da niyyar rubuta wani abu a kanta, sai in kasa. Bana dai na daure.

Yaya ta yi aikin buga takardu a sakatariya tun zamanin tafireta. Da ta yi ritaya sai ta buɗe ɗan shago kusa da tasha, tana buga wa mutane wasiƙu da katin biki da takardun jarrabawa. Kibod ɗin kwamfuta na yau da kullum bai taɓa gamsar da ita ba, ta ce kamar mutum yana danna ƙullu. Da na gaji da mita sai na samo mata a Kano irin mai ƙarfin nan, wanda kowane maɓalli ke ƙara ƙwas-ƙwas, kuma ana iya zare hular maɓallin a sa wata. Ranar ta yi ta bugu ba don aiki ba, don jin ƙarar kawai.

Abu ɗaya ya rage mata, wato haruffanmu masu ƙugiya. Ana iya saita ƙ da ɗ da ɓ a cikin kwamfuta, amma babu alamarsu a kan maɓallai. Ita ta haddace inda suke. Sauran masu buga takardu kuwa sai su manta, su bar ƙugiyar gaba ɗaya. Lokacin auren 'yarta kwamfutarta ta lalace, aka kai katin wani shago. Da aka kawo, ga shi ɓaro-ɓaro an rubuta ana maraba da "manyan baki". Duk gidan muka yi ta dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Bayan biki da 'yan makonni ta kira ni shago, ta miƙo mini wayarta. Ashe ta shiga wani zaure na masu sha'awar kibod a intanet, ta gano yadda suke yi. Mutum ya zana hulunan maɓallai yadda yake so, masana'anta a ƙasar waje ta ƙera, amma da sharaɗin sai an sami adadin masu saye, kowa ya biya tun kafin a fara aiki. Masu masana'antar da ta yi magana da su sun ce saiti ɗari, cikin wata biyu, in ba haka ba a fasa.

Na ce, "Yaya, a ina za ki sami mutum ɗari masu irin wannan kibod?"

Ta ce, "Habibu, ba shawara na kira ka ba. Babur ɗinka nake so."

Haka muka shiga yawo. Bebeji, Kiru, Dangora, duk inda aka ce akwai shagon buga takardu ko malamin Hausa mai kwamfuta sai mun je. Takan ɗauki kibod ɗinta a jaka, ta ajiye a gaban mutum, ta ce ya danna ya ji. Wasu suka yi na'am nan take, har suka ce in sayo musu irinsa. Wasu suka yi mata kallon wadda ta rasa abin yi. Wani mai shago ya ce mata, "Hajiya, mutane na fama da neman taki, ke kina maganar hular maɓalli?" Ta ce masa shi ma takin ai a buhu mai suna ake kawo shi, ta tattara jakarta muka tafi.

Malaman jami'a da ɗalibai daga Kano da Zariya suka shigo ta zauren da ta buɗe a waya, adadi ya yi ta hawa. Sai kuma ya tsaya cak. Saura kwana tara wa'adi ya cika, saura mutum goma sha huɗu. Na san abin da ke cin ranta. Mace ce da aka sani da cika alkawari shekara talatin, ga shi ta tara jama'a a kan abin da wasu ke kira wasan yara. Idan aka fasa, ba za ta sake iya tara ko mutum biyar ba.

Aka ba ta labarin wani malami a makarantar 'ya'yan makiyaya da ke bayan Doguwa, Malam Buba, wai yana buga littattafan koyon karatu da kansa. Tsakiyar damina ce, hanyar duk caɓi, sau biyu muna sauka muna tura babur. Muka same shi a ƙarƙashin ɗorawa yana duba aikin yara. Ya karɓi zanen hulunan da Yaya ta yi, ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Hajiya, ai ɓ da ɗ ɗin nan namu ne mu ma. Fulatanci da su ake rubuta shi. Amma kin manta da mu. Ina ŋ? Ina ƴ?"

Ban taɓa ganin Yaya ta ji kunya irin ta ranar ba. Ta ce, "Malam, ka yi gaskiya. Idan na ƙara su fa?"

Ya ce, "Ki ƙara, ki bar mini sauran."

A hanyar dawowa, tana bayan babur, ta aika wa masana'antar saƙon gyara. Cikin kwana shida Malam Buba ya kawo malaman Fulatanci daga wurare da ban taɓa zaton labarin zai kai ba, har Yola. Ranar da wa'adi ya cika mun wuce ɗari. Ta tura wa zauren saƙon murya, kalma biyu kacal: "Alhamdu lillahi." Sannan ta sa aka dafa shinkafa da wake aka raba wa maƙwabtan shago, waɗanda yawancinsu ba su ma san murnar me ake yi ba.

Jira ya fi tara mutane wuya. An ce wata huɗu, aka shafe kusan shekara. Gunaguni ya tashi, wasu har suna cewa an yaudari tsohuwa. A lokacin ne ciwon da ya zama ajalinta ya fara taɓa ta, amma kowace Juma'a sai ta sanar da jama'a inda aiki ya tsaya, ko da babu wani sabon labari. Ranar da kwalin ya iso a motar haya daga Kano ina shagon. Hulunan launin baba ne, haruffan kuma farare tas. Ta zaro ƙ, ta juya ta a tafin hannunta, ta ɗora a mazauninta, ta danna. Sai ta kawar da kai wai ƙura ce ta shiga idonta. Ta yi aiki da su shekara ɗaya da rabi kafin Allah Ya karɓi abarsa.

Yau nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga inda abin ya kai. An yi zagaye na biyu da na uku bayan rasuwarta, Malam Buba ne ke jan ragama, kuma mutanen Maraɗi da Damagaram sun shigo. Na tabbata za ta yi tsaki idan ta ga kibod masu walƙiya kamar fitilun gidan biki da matasa ke yayi. Za ta kuma harari masu yi wa waya magana tana rubuta musu. Amma da ta ga takardun jarrabawar Hausa a makarantunmu suna fitowa da ƙugiyoyinsu daidai, na san za ta gyara gilashinta ta karanta har ƙarshe, tana neman kuskure, kuma za ta ji daɗin rashin samunsa.

Ba ta bar gida mai bene ba, ba ta bar gona ba. Ta bar dai shaidar cewa mutanen ƙauye na iya haɗa kai su sa a ƙera musu abin da ya dace da harshensu, maimakon su yi ta lallaɓa abin da aka yi don wasu.

A makon jiya na tsaya wani shago a Bebeji don a buga mini takarda. Matar da ke aikin tana bugu da sauri, sai na lura da launin baba a ƙarƙashin yatsunta. Na ce, "Malama, a ina kika sami waɗannan masu ƙugiya?" Ta dube ni da mamaki, kamar na tambaye ta inda ake samun ruwa, ta ce, "Ai haka suke zuwa." Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na fasa, na bar ta ta ƙarasa aikinta.

Allah Ya jiƙan Yaya Asabe, Ya haskaka kabarinta.