Anti Fayil da Tsohon Rumbu

A ofishin ƙungiyar masu ciwon sikila ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Daga shugaba har mai shara, Anti Fayil suke ce mata. Shekara goma sha tara ke nan tana ɗaki guda, da tebur ɗaya, da fanka mai kuka, da tagar da ke kallon bayan wani gareji. Da buga takardu ta fara. Bayan ɗanta na biyu ya rasu da wannan ciwo, a ranar da aka shafe awa uku ana neman katinsa don a san jinin da za a ƙara masa, sai ta roƙa a bar mata ajiyar katunan marasa lafiya. Tun daga lokacin kati bai ɓata a hannunta ba.

Ƙanin mijinta, wanda ya karanci kwamfuta, shi ya raba ta da kwalayen katuna. Ya rubuta mata manhaja, ya kwashe sunaye da rukunin jini da magungunan da jikin kowa ba ya karɓa, ya zuba su a rumbun bayanai na wani kamfanin waje, irin wanda ake haya ta intanet.

"Matar yaya, yanzu katunanki suna cikin gajimare," in ji shi.

"To in aka yi ruwa fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Shekara goma sha ɗaya abin yana tafiya sumul, haya kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Likita zai bugo waya daga asibiti, kafin ya gama gaisuwa ta karanto masa abin da yake nema. Ko da ƙanin mijin ya rasu a hatsarin mota, manhajar ba ta yi ko tari ba.

Wata Litinin saƙon kamfanin ya shigo. Sau uku ta karanta. Wai irin rumbun da suke haya ya tsufa. Daga wata mai zuwa, duk mai son a ci gaba da kula masa da shi sai ya biya ninki uku, bayan shekara kuma za a rufe shi gaba ɗaya.

Shugaba, tsohon malamin makaranta ne, ya cire tabarau ya ce, "'Yata, rubuta musu. Ki ce mu masu taimakon marasa lafiya ne, ba 'yan kasuwa ba."

Ta zauna ta tsara wasiƙa mai taushi. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, ana gode mata, an kuma maƙala mata sanarwar nan dai da ta riga ta karanta. Ta sake rubutawa sau biyu, amsar ba ta canza ko waƙafi ba.

Aka samo wani mai gyaran manhaja. Kwana biyu yana leƙe-leƙe, sannan ya jingina da kujera.

"Anti, wanda ya yi aikin nan gwani ne, Allah ya jiƙansa, amma da taswirar ya tafi. Manhajar nan da tsohon rumbu kaɗai take jin magana. In za a koma sabo, sai an sake gini tun daga tushe."

Da ya faɗi kuɗin aikin, ko tayawa ba ta yi ba. Ruwa ta zuba masa ta yi godiya.

A taron kwamiti ma'aji ya ce ƙarin hayar daidai yake da maganin yara arba'in na wata guda. "Magani za mu saya, ko kati za mu ajiye?" Kowa ya sunkuyar da kai. Anti Fayil kuwa, yaran arba'in ɗin duk ta san su, ta san iyayensu. A ƙarshe aka yarda a biya wata uku.

Sai ta koma buga katunan a takarda, ɗaya bayan ɗaya, bisa jerin haruffa. Sun haura dubu shida. Firintar kan yi sittin ta ɗau zafi, sai a jira ta huce. Tawada ta ƙare sau huɗu, sau biyu daga aljihunta ta saya. Mijinta kuwa kullum sai ya dawo daga kasuwa da kwali ɗaya ko biyu ya ajiye mata a bakin ƙofa.

Wata ukun ya cika tana kan harafin M. Kwamiti ya ƙara wata guda, bayan an dakatar da motar da ke kai marasa lafiya asibiti don a samu kuɗin.

A makon ne wata uwa ta tsaya a bakin ofis, goye da 'yarta mai idanu rawaya, wadda sunanta da Z ya fara.

"Anti, an ce kina fitar da katunan. An zo kan namu?"

Anti Fayil ta taɓa firintar, ta ji har yanzu da zafi.

"Ba a zo ba tukuna, ƙanwata. Shigo ki zauna, ki sauke ta ta huta."