Suwaiba Mai Rauta

A Ƙanƙara, idan na'urar nan mai watsa intanet a cikin gida, wadda ake kira rauta, ta ƙi aiki, mata ba sa cewa a kai ta shago. Cewa suke a kira Suwaiba. Can sai ka hango ta ta taho cikin hijabinta ruwan toka, da tsohuwar jakar makaranta a kafaɗa. A cikin jakar akwai layukan waya huɗu na kamfanoni daban-daban naɗe a ƙyalle, da caja iri-iri, da ƙaramar sukundireba, da wani gilashin ƙara girman rubutu.

Sunanta na yanka Suwaibatu. Mahaifinta shi ne Malam Gide mai gyaran rediyo, mutumin Ƙetare, wanda ya yi shekara talatin da ɗoriya a wata rumfa kusa da tashar mota. 'Ya'yansa bakwai, ita ce ta uku, kuma ita kaɗai ke da haƙurin zama kusa da shi in ya dawo da aiki gida bayan la'asar. Ita ke tsince ƙananan kusoshi idan sun faɗi cikin yashi, ita ke riƙe masa waya yana liƙa dalma. Malam Gide ba mai yawan magana ba ne, amma akwai abin da ya sha gaya mata. "Kafin ki buɗe cikin na'ura, duba bayanta. Rabin ciwonta a rubuce yake, mutane ne ba su karantawa."

Ta gama sakandare, ta auri Mas'udu, mai sayen hatsi a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Funtuwa. Ta zauna da keken ɗinkinta, ta haifi uku. Rediyo kuwa ya yi ta ja da baya, har rumfar Malam Gide ta zama wurin hirar tsofaffi fiye da wurin aiki.

A shekarar da aka katse sabis na wata uku a wannan yanki saboda matsalar tsaro, Mas'udu ya sha wuya. Sai ya shiga mota ya yi tafiya mai nisa kafin ya ji nawa ake sayar da buhun masara. Da aka maido da sabis ɗin, na unguwarsu ya dawo yana ɗingishi. Shi ne ya sayo rauta a Funtuwa, fara, girman littafin makaranta, mai batir a ciki. Ya ɗora ta a kan tebur a ɗaki, ya kunna, ya zauna yana jira. Jar fitila ta kama, ta ƙi sauyawa. Kwana biyu ana haka.

"An cuce ni," in ji shi. "Gobe za ni maida musu kayansu."

"Malam, ba ni ita tukuna," in ji Suwaiba.

Ta ɗauke ta a tafin hannu kamar mai kai wa baƙo ruwa, ta shiga zagaya gida. Ta je madafi, ja. Ta je bakin rijiya, ja. Ta leƙa zaure, fitilar ta ɗan yi ƙyaf-ƙyaf ta koma. Sai da ta isa turken awaki, gindin zogale, ta ɗaga hannu sama, sannan fitila ta zama kore shar. Wayar Mas'udu da ke can ɗaki ta fara ƙara, saƙonnin kwana biyu suna shigowa a jere. Ya fito da gudu ba takalmi.

"Mi kika yi mata?"

"Ba abin da na yi mata. Ɗakinka ne ba ta so, wurin awaki take so."

Ta saka ta a ƙaramin kwando, ta ɗaure a kan gora, ta kafa a gindin zogalen. Sati biyu ana jin daɗi, sai akuya ta tauna wayar cajar. Suwaiba ta duba cikin gida ta ga cajar fankarsu mai aiki da sola, bakinta ya shiga daidai. Ta jona. Ba a yi minti ɗaya ba ta ji ƙauri. Ta zare da sauri, amma rauta ta riga ta yi shiru.

Ba ta jira Mas'udu ya dawo ba, ta naɗe ta a ɗankwali ta nufi rumfar mahaifinta. Malam Gide ya juya rautar, ya kara gilashinsa a bayanta, ya juya cajar ita ma ya karanta. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗiyata, wagga wuta mai lamba tara take ci, kin ɗura mata sha tara. Baki ya yi daidai, ciki bai yi ba."

"Baba, ta mutu ke nan?"

"Suma ta yi."

Ya buɗe, ya nuna mata wani ɗan abu da ya yi baƙi, bai kai ƙwayar dawa ba. Ya ciro irinsa daga gawar wani tsohon rediyo, amma ya ƙi liƙawa da kansa. Ita ya miƙa wa ƙarfen liƙa dalmar. Ta liƙa, suka kunna, fitila ta kama. A ranar ya ba ta gilashin nan, ya ce idonsa ya kai inda gilashin ma ba ya taimakonsa.

Labari ya bazu ta bakin mata, wajen biki da wajen islamiyya. Akwai masu gyara maza a gari, kuma sun iya aikinsu, sai dai yawancin gidaje ba a shiga. Mai gyara yakan tsaya a zaure yana ɗaga murya: "Fitila nawa ta kama?" Daga ciki a ce, "Guda biyu, ɗaya tana ƙifta ido!" Ita kuwa Suwaiba sallama kawai take yi ta wuce har ƙuryar ɗaki. Ta ga kaurin katanga, ta ga inda taga take, ta gwada layukanta huɗu ta gane wanne ne ke da ƙarfi a wannan lungun. Da yau da gobe ta san wace rauta ce ke kulle ga layi ɗaya, wacce ke karɓar kowane layi, wacce batirinta ke kumbura in zafi ya yi yawa, wacce ke sumewa da an ɗauke wuta. Idan mace za ta aika a sayo, sai ta fara tambayarta.

Wata maƙwabciyarta, Nana, ta taɓa zuwa da fushi ta ce rautarta mayya ce, ta shanye datar wata guda a wuni ɗaya. Suwaiba ta duba ta ga wayoyi ashirin da uku a jone. Ashe ranar suna Nana ta ba ƙawarta lambar sirri, ƙawar ta ba 'yar'uwarta, kafin a raba waina kowa ya samu, har da mai shayin bakin layi. Suwaiba ta sauya lambar, ta ce, "Wannan ki riƙe ta kamar kuɗin adashi." Har yau in sun haɗu sai sun yi dariyar abin.

Aikin da ya kai sunanta har ƙasar Faskari shi ne na Hajiya Talatu ta Sheme. Hajiya dattijuwa ce mai sayar da man gyaɗa, Mas'udu kan sauke kaya a ƙofar gidanta ranar kasuwa. Ɗanta Abdulgafar yana aiki a Fatakwal, matarsa ta haifi tagwaye mata. Ya aiko wa uwarsa wata rauta babba mai tsada, baƙa, da eriya huɗu a tsaye kamar ƙahoni, don ta riƙa ganin jikokinta ta bidiyo. Wata biyu abin ya gagara. Masu gyara uku suka zo. Kowanne a fito masa da ita zaure, ya jona, ya ga tana aiki lafiya lau, ya gwada da wayarsa, ya karɓi ladansa ya tafi. Da an mayar da ita ciki sai ta mutu. Har an fara cewa ko gidan ne ke da iska.

Mas'udu ya ba Hajiya labarin matarsa. Ranar kasuwa ta gaba suka shiga motar hatsi da hantsi, suka sauka Sheme kafin azahar.

Hajiya ta tarbe ta da fura mai sanyi. Bayan sun gaisa, Suwaiba ta ce, "Hajiya, ina take?"

"Tana ɗaka, na adana ta."

Ta ja ta cikin ɗaki, ta durƙusa, ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, irin na lefen da. An huda shi ta baya an zura wayar wuta. Ta buɗe kwaɗo, ta ɗaga murfi. Ga rauta kwance a kan zannuwa, an lanƙwashe ƙahoninta don murfin ya rufu, jikinta zafi rau.

Suwaiba ta danne dariya da ƙyar. "Hajiya, kullum a nan take kwana?"

"To ina zan aje ta, 'yar nan? Kin san nawa yaron nan ya saye ta? Ga ƙura, ga ɓeraye, ga yaran maƙwabta."

"Gaskiyarki. Amma ita wannan magana take yi da iska. In kika rufe mutum a akwatin ƙarfe, ko ya yi ihu wa zai ji shi?"

Hajiya ta riƙe haɓa. "Ashsha! Ashe ni ce iskar gidan."

Suwaiba ta fito da ita, ta miƙe ƙahonin, ta zagaya tsakar gida har ta sami wuri a saman katangar gabas, ƙarƙashin inuwar kwano. Ta nemi tsani. Hajiya ta ce a kira wani daga waje ya hau, Suwaiba ta ce kafin a kira ta sauko. Ta ɗaure zaninta tamau, ta hau, ta kafa ɗan katako, ta zaunar da rauta, ta kifa mata kwandon roba mai huji saboda tsuntsaye. Hajiya na ƙasa riƙe da tsani tana ta salati. Fitilu suka kama kore. Wayar Suwaiba ta jonu nan take.

Ta Hajiya kuwa ta ƙi. An duba, an sake dubawa, ko sunan rautar ba ta gani. Hajiya ta zauna a bakin turmi.

"Bar shi, ɗiyata, kin yi iyakar yinki. Wataƙila ba rabo."

Suwaiba ta miƙa hannu. Ta karɓi wayar ta juya, ta cire murfin baya, ta karanta. Tsohuwa ce, ta kai shekara takwas. Ta sake hawa tsani ta karanta bayan rautar. Sannan ta zauna a tabarma ta shiga cikin saitinta ta tata wayar, tana bi a hankali, don ba ta taɓa taɓa irin wannan ba. Sau biyu tana ɓata hanya. A karo na uku ta ga abin da take nema. Rautar tana watsawa ta hanya biyu, kuma wani cikin masu gyaran ya kashe ɗaya ya bar ta zamani kaɗai, wadda tsofaffin wayoyi ba sa kamawa. Ta kunna ɗayar.

"Hajiya, murya biyu gare ta, siririya da mai kauri. Da siririyar take ta kiran wayarki, ita kuwa wayarki kunnen tsofaffi gare ta."

"Ta yi gadon mai ita," in ji Hajiya.

Sai ga sunan ya fito. Suwaiba ta saka lambar sirri, ta danna kiran Abdulgafar, ta miƙa mata. Hajiya ta kara a kunne, Suwaiba ta janyo hannunta ta saita mata a gaban fuska. Ɗanta ya bayyana, ya yi kabbara, ya ruga ciki da wayar. Jim kaɗan sai ga jarirai biyu kwance a kan katifa, ɗaya na barci, ɗaya na tsotsar hannu.

Hajiya ta ƙura musu ido. Ta kai yatsa ta shafa gilashin wayar, hoton ya gushe, ta yi ƙara, Suwaiba ta maido. "Waccan ta hagu ita ce Hussaina?" ta tambaya. Aka ce ita ce. "Goshin marigayi kakanta ne sak. Ku tashe ta in ga idon." Aka ce ba a tashin jariri. Ta ce ita ta haifi tara, kada a koya mata. Maƙwabta suka cika tsakar gida, kowa na leƙe ta kafaɗar wani, sai da batirin wayar ya mutu aka watse.

Da za su tafi Hajiya ta cika mata galan da man gyaɗa, ta haɗa da kaza ɗaure da ƙafa. Kazar ta kwance a mota wajen rabin hanya, ta bi kan buhuna, direba ya tsaya fasinjoji suka yi ta kamu.

Yanzu Suwaiba ta rage ɗinki. Ana kiranta daga 'Yargoje, an taɓa ɗaukarta har Sabuwa gidan wata malamar asibiti, kuma tana koya wa matan aure biyu a unguwarsu don ƙafarta ba ta isa ko'ina. Makon jiya Hajiya Talatu ta kira ta da hantsi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ɗiyata, ba a iya rage ma abin nan ƙarfi?"

"Lafiya, Hajiya? Ta lalace?"

"Ina fa ta lalace! Likita ya hana ni gishiri, shi kuma yaron nan ya gane lokacin cin abincina. Da na sa hannu a kwano sai ya kira, ya ce in nuna mishi miyar."

Suwaiba ta ce wannan gyaran ya fi ƙarfinta, sai dai Hajiya ta bi maganar likita. Hajiya ta ce ashe bakinsu ɗaya, ta yi mata addu'a, ta ce ta gaida mutan gida.