Alhaji Tukur da Tambayoyin Ranar Lahadi

Ina tsaye a wani shagon labule a titin Liuhua Lu, nan ƙasar Chana, ranar Talata da hantsi, ina ja-in-ja da mai shagon a kan launin da ya canza mini, sai wayata ta yi ƙara. Alhaji Isufu ne, ɗan kasuwar nan na Maraɗi. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Allah ya yi wa Alhaji Tukur rasuwa a asibiti a Kano." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye yadin da ke hannuna, na nemi kujera na zauna. Mai shagon, ɗan Chana da bai san ko kalma ɗaya ta Hausa ba, ya dubi fuskata, ya je ya kawo mini ruwan zafi a kofin takarda.

Duk wanda ya taɓa aika kaya gida daga unguwar Xiaobei ya san ofishin jigilar kaya na Alhaji Tukur a benen Tianxiu. Malamin firamare ne kafin ya shiga kasuwanci, kuma malantar ba ta taɓa barinsa ba. Ba ya rufe kwali sai mai kaya ya tsaya ya ga abin da ke ciki. Yakan ce, "Abin da ba zan iya buɗewa a gaban mai shi ba, hannuna ba zai rufe shi ba." Da mijina ya rasu ya bar ni a garin nan da ɗa ɗaya, Nura, Alhaji ne ya tsaya a kan komai har na iya riƙe sana'ar da kaina. Ban taɓa jin ya ambaci haka a gaban kowa ba.

Abu ɗaya ne na daɗe ban gane masa ba. Kowace Lahadi bayan La'asar sai ya jawo ƙofar ofis, ya haɗa wayarsa da talabijin, 'yan kasuwa su taru su zauna a kan kwalaye ana shan shayi. Awa bakwai ke tsakaninmu da gida, don haka yammacinmu shi ne safiyar Lahadinsu, lokacin da 'yan siyasa ke zagaya gidajen talabijin, daga wannan shirin hira su faɗa wancan. Ni a gidana ba a kunna irin wannan. Na sha gaya wa mata 'yan'uwana cewa kunnen da ya saba da ƙarya, wata rana bakin ma zai saba. To yaya dattijon da ba ya wasa da sahun farko zai ba da yammacinsa ga waɗannan mutane? Na yi ta juya tambayar shekaru, kunya ta hana ni yi masa ita.

Matsalar ɗana ce ta kai ni ɗakin. Wani ɗan majalisa daga jiharmu ya zo yin odar huluna da riguna da zannuwa masu ɗauke da hotonsa. Nura ya yi karatunsa a nan, yana jin yaren Chana, sai ya zama tafintansa, suka yi kwanaki suna yawon masana'antu. Kafin mutumin ya tafi, ya ce wa Nura ya biyo shi gida ya shiga cikin masu magana da yawunsa, har ya yi masa alkawarin wata rana shi zai riƙa zama a talabijin yana kare shi. A lokacin saura 'yan watanni takardar zaman Nura ta ɗalibta ta ƙare. Na ce masa ban haifi ɗan da zai ci abinci da wanke ƙaryar wani ba. Na faɗa da safe, na maimaita da yamma. Nura ya daina cin abinci a gida, na kuma ga ya fara duba kuɗin jirgi. Na tabbata idan ya tafi a haka, na rasa shi.

Na kai ƙara wurin Alhaji ina sa ran zai kira shi ya yi masa faɗa. Sai ya ce, "Maman Nura, ku zo ranar Lahadi, ke da shi. An ce mutumin nasa zai fito a tashoshi uku."

Muka je. Aka ba ni kujera ɗaya tilo da ke ofishin, a gefen ƙofa. Abin da na fara lura da shi, Alhaji ba ya kallon nan da fushi. Kallo yake kamar malami yana duba aikin ɗalibi. Da ɗan majalisar ya bayyana a tasha ta biyu, sai ya matso kusa da talabijin ya ce, "Ku duba, ya canza hula. Ɗazu zanna ce a kansa. Shin a mota yake canzawa, ko akwai wanda aikinsa ke nan, riƙon huluna?"

Alhaji Isufu ya ce, "Ku 'yan Najeriya komai sai kun yi masa ado. Namu da hula ɗaya suke yi mana, da Faransanci."

"Shi ya sa kuka fi mu kwanciyar hankali, Isufu. Rabinku ba ku jin abin da aka ce."

Aka yi dariya. Sai mai gabatar da shirin ta tambayi ɗan majalisar dalilin da ya sa asibitin da ya yi wa mazaɓarsa alkawari har yanzu ba shi da rufi. Alhaji ya ɗaga hannu ya ce, "Kowa ya riƙe tambayar." Ashe wannan ce dokar ɗakin. Mutumin ya gode wa al'ummarsa, ya yi bayanin ɓarnar da gwamnatin baya ta bari, ya gangara kan wata hanya da aka zuba wa kwalta, ya rufe da kiran a zauna lafiya. Maganar ta yi daɗin ji, ban ɓoye ba. Alhaji ya rage sauti ya juya wajen ɗana.

"Nura, me aka tambaye shi?"

"Rufin asibiti, Baba."

"Ina rufin a cikin amsar?"

Nura ya yi murmushi ya ce, "Meyo." Kalmar da masu shago a nan ke faɗa ke nan idan ba su da abin da ka zo nema.

Na ji daɗi. Na gyara zama na ce, "Ka dai gani da idonka. Gidan da kake son shiga ke nan." Nura ya sunkuyar da kai, ya ce, "Umma, na gani. Amma sau uku ina tambayarki, in takardata ta ƙare, me zan yi? Ina zan je?"

Na ba shi amsa, ko kuma na zaci na ba shi. Na tuna masa mutuncin mahaifinsa. Na yi maganar halak da haram, da ranar da kowa zai tsaya shi kaɗai. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, kuma gobe ma zan sake faɗa. Ina cikin magana na ga hannun Alhaji a sama, yadda ya ɗaga wa talabijin. Muryarsa a ƙasa ya ce, "Hajiya, me aka tambaye ki?"

Alhaji Isufu ya tsura wa kofin shayinsa ido. Tun da na girma ba wanda ya taɓa tare ni a gaban ɗana. Na ce, "Ban sani ba, Alhaji. Wallahi ban san abin da zai yi ba. Tsoro nake ji."

Ya ce, "Shekara da shekaru nake zama a nan ina jiran mutum ɗaya ya faɗi haka a cikin akwatin can. Yau ga shi na ji a ɗakina. To yanzu an samu wurin farawa."

Da mutane suka watse, na yi masa tsohuwar tambayata, me yake nema a wannan kallo. Ya ce, "So nake in gano yadda mutum ke koyon wannan abu, don ba wanda aka haifa da shi. Ina jin wata rana ce aka tambaye shi abin da bai sani ba, ya ji kunyar faɗa, ya kewaye. Aka tafa masa. Shi ke nan."

Bai hana Nura komai ba. Cikin satin Alhaji ya yi waya da wani ƙaninsa da ke karɓar kaya a Kano, aka samu suna neman wanda zai riƙa magana da masana'antun nan kai tsaye. Ya zaunar da Nura ya ce, "Ga aiki biyu a gabanka. Na farkon ya fi suna, wataƙila ya fi kuɗi. Ka je ka yi tunani, ni da uwarka ba za mu ƙara cewa komai ba." Riƙe wannan alkawari da ya ɗauka da sunana ya fi mini komai wuya. Sati biyu na yi ina zuba wa yaron abinci bakina a rufe. Ranar da ya ce ya zaɓi aikin Kano, bai faɗi dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Ina kira ga iyaye mata irina, musamman mu da ke renon 'ya'ya a ƙasar mutane. Tsawatarwa wajibi ce, kada kowa ta bari. Amma idan ɗanki ya yi miki tambaya, ki amsa abin da ya tambaya kafin ki yi masa wa'azi. In ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba.

Da ciwo ya mayar da Alhaji gida, Nura ne ke kai shi asibiti. Mu da ke nan ba mu samu jana'iza ba, amma an gaya mini ɗana na cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Ya Allah, ka jiƙan bawanka Tukur, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa. Ka tabbatar da harshensa a lokacin tambaya, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba matarsa Hajiya Uwani da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu a bayansa. Mu kuma da muka rage a wannan gari mai nisa, ka mayar da mu gida lafiya, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.