Ranar da Dona Graciete Ta Janye Biro

Ƙarfe takwas na safe Dona Graciete Pinheiro take hawa benen da ke saman gidan burodi a garin Covilhã, ta ɗora gahawa, ta goge tabarau. Shekara talatin da huɗu ke nan. Sana'arta lissafin haraji, amma rabin masu hawa benen ma'aurata ne da zama ya ƙi, sun zo raba abin da suka tara. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Aldina, ma'aikaciyar masaƙa, har yau in ta ba da labarinta sai ta dafa ƙirji. Da za su rabu, mijinta Belmiro ne ya kawo ta, shi ya biya kuɗin ganawar. Sun riga sun shirya: shi ya riƙe gida, ita ta ɗauki ajiyar fansho, tunda a takarda darajarsu ɗaya. Aldina ta gaji, so take ta sa hannu ta wuce.

Graciete ta janye biron.

"'Yar nan, ina za ki zauna?"

"Zan cire kuɗin in nemi ɗaki."

"Kina cirewa kafin lokaci haraji zai yanki rabonsa. Shi kuwa yana cikin gidansa, wannan harajin bai shafe shi ba."

Belmiro ya buga tebur. "Dona Graciete, ni fa na biya ki!"

"Lissafi ka biya in yi, Senhor Belmiro, ga shi na yi."

"Ɗan'uwana ya ce rabon daidai ne."

"Ɗan'uwan naka mai tasi? Ranar da zan tuƙa tasi sai in neme shi."

Belmiro ya sunkuyar da kai. Can ya ce a hankali, "Ban so in cuce ta ba."

"Na sani. Zauna."

Zama uku suka yi. Aka raba ajiyar, ya cika mata rabonta na gidan. Yau Aldina tana cikin ɗan gidanta, makulli a jakarta.

Ke ce, Dona Graciete, mai faɗa wa wanda ya biya gaskiyar da bai zo ji ba. Ma'aunin da ba ya karkata! Mutum nawa kika hana sa hannu cikin fushi ko gajiya? Ke kanki ba ki ƙirga ba.

Mun gode. Ku kuma da takardun mutane ke bi ta hannunku, in kun ga rami ku faɗa, ko da mai haƙa shi ne ya biya ku.