Ranar da Na Kai Kular Cakulan Safana

Har yanzu ranar da aka aike ni Safana da kula ba ta fita raina ba. Bara ne, dab da azumi, ina sabuwar shiga wajen Hajiya Rabi mai kek da cincin a Batsari. Ni ce ta ƙarshe a ma'aikata, wanke-wanke da miƙo kaya.

An ba mu aikin walima a Safana, amarya ta kafe sai da sitiroberi mai cakulan irin wanda ta gani a waya. Ɗan itace ne ja ƙarami, daga Jos aka sako mana shi a mota. Ga wanda bai san aikin ba: a wanke, a tsane shi sarai, don ɗigon ruwa ɗaya sai ya dunƙule cakulan. Shi kuma cakulan ba ya hawa wuta, kan tururin ruwan zafi ake narka shi. In an tsoma sitiroberin a ciki ya daskare, a jera a kula, a sa tawul tsakaninsa da ƙanƙara kada ya yi zufa. Ba ya kwana.

To dole wata ta rungume kular bisa babur, ni kaɗai ce kuma ba ni da tukunya a wuta. Ga ɗiyata Hafsa a bayana, wata huɗu, ban taɓa barinta ba. Hanyar nan kuwa kun san ta, ba a shiga da jinjiri in da hali.

Na tsaya ina murza bakin zani. Hajiya, da ko murmushi ba ta cika yi ba, ta dube ni.

"Sa'a, tsayuwar me? Kwanto mini ita."

"Hajiya, rigima gare ta."

"Na fi ta. Miƙo majanyi."

A gidan biki wata tsohuwa ta ɗauki sitiroberi ɗaya ta hau ɓare cakulan da farce, wai ɓawo ne. Na ce, "Iya, da shi ake ci." Tana cikin dariya idonta ya kai gaban rigata, nono ya jiƙa shi.

"Ɗiyar nan, jinjiri kika baro? Ku sallame ta! Mu ma mun iya raba faranti."

Kafin la'asar na dawo. Na iske Hajiya tsaye tana jijjiga Hafsa a baya, murya ta dishe.

"Ta yi kuka ta gaji, na yi waƙa na gaji. Zauna ki ba ta, kwanonin za su jira."

Ku sababbin ma'aikata, mutanen wannan sana'a faɗansu a baki yake. In Hajiya ta daka muku tsawa kan jiƙaƙƙen sitiroberi, ku shanye. Ni ɗiyata ta yini a bayanta.