Ranar da Anti Tafireta Ta Rasa Kamfaila

Shekara talatin da ɗaya Anti Tafireta ta yi a ƙaramin ofishin da ke bayan ɗakin malamai, tun lokacin da ake buga takarda da keken rubutu. Keken ya daɗe da tafiya, sunan kuwa ya ƙi barin ta. Mace ce mai faɗa, ga son ajiya kamar kaka. Kwafin takardar da ta buga shekara ashirin baya, tambaye ta, za ta zaro maka shi daga kwali tana yi maka tsiya.

Da makarantar ta karɓi ɗaliba makauniya ta farko, yarinyar da malamai ke kira Gwana, kowa ya zame. Anti ce ta zauna ta koyi rubutun makafi, ɗigo bayan ɗigo, har yatsunta suka yi kanta. Ƙaninta, autan gidansu, wanda ake ce wa Injiniya, shi ya sa mata manhaja a laftof ɗinta mai juya rubutu zuwa ɗigo-ɗigon, wani inji kuma ya huda su a takarda. Shekara shida aikin na tafiya sumul.

Sai jarrabawar fita ta zo. Dokarta kuwa ba wasa: tambayoyin ba sa barin kwamfutar jami'in jarrabawa, ba intanet, ba mai karanta wa ɗalibi. Ƙarfe tara ake farawa. Wanda bai zauna ba, sai baɗi.

Ƙarfe bakwai Anti ta shiga ɗakin da kwamfutar jami'in take, riƙe da filashinta mai ɗauke da manhajar, ta jona injin huda takardar, ta ce wa kwamfuta ta girka manhajar. Allo ya yi ta zubo rubutu, can ya tsaya cak da jan layi. Ta sake. Ja dai.

Ta fita baranda ta kira autan.

"Kai, abinka ya ƙi. Wai ba kamfaila. Mene ne kuma kamfaila, don Allah?"

Ya sauke murya, irin yadda yake yi tun yana yaro idan ya fasa kwano.

"Yaya, na manta. Wanda na sa miki mai saurin ne. Shi kamar riga yake, sai tela ya auna kwamfuta ya ɗinka mata daidai jikinta. Kamfaila shi ne telan. Taki tana da shi, tasu babu."

"To in kwaso ɗinkakkiyar daga tawa mana."

"Gwada."

Ta gwada. Rigar wata ba ta shiga wata ba, kwamfutar ta tofar da ita. Ta roƙi jami'in ya bari a sauko da kamfailan, ya ce ko ubansa ne ya tashi ba zai jona ta da intanet ba. Kuma gaskiyarsa, sai dai a lokacin Anti ji ta yi kamar ta shaƙe shi.

Bakwai da rabi ta wuce. Ta taga tana hango Gwana a kan benci, farar sandarta a cinya, allon rubutu da tsinke a hannu, leɓɓanta na motsi tana bita. Tsoro ya kama Anti sosai. Da wane baki za ta ce wa yarinyar nan ta koma gida?

Ta sake kira. "Auta, wallahi in yarinyar nan ta rasa shekara, kada ka ƙara tako mini gida."

"Akwai wani, Yaya, amma na ce ki goge shi tuntuni. Shi zane ne, kowa ya samu ya ɗaura, ba ruwansa da tela. Rubutu ne zalla, kwamfuta tana karanta shi layi-layi tana aikatawa. Sai dai yana da nawa kamar hawainiya."

"Ka taɓa ganin na goge abu?"

"Ba ki goge ba?"

"Kai dai faɗa mini sunansa, sarkin surutu."

Yana nan kuwa, cikin filashin, a wata jaka da ta raɗa wa suna "tarkacen Auta". Ta kwafa, ta buga abin da ya karanto mata, ta danna. Ba jan layi. Ba kuma komai. Abin da mai saurin ke gamawa kafin ka ƙifta ido, wannan ya zauna yana taunarsa. Minti ɗaya, biyu, huɗu. Jami'in da kansa ya matso ya tsaya a bayanta, ya daina duba agogo a fili, sai a sace.

Can injin ya yi kakat-kakat-kakat, shafin farko ya fito. Anti ta shafa shi da yatsa, layi bayan layi, lafiya lau har alamomin lissafi. Ta ce alhamdu lillahi da ƙarfi har jami'in ya firgita. Shafi goma sha biyu ne, kowanne sai ya ja ransu, ita kuwa tana zaune tana lallashin kwamfuta kamar mai goyo: "Yi a hankali, uwata, ba mai korar ki." Na ƙarshe ya faɗo tara saura minti shida. Jami'in ya lissafa, ya sa a ambulan, ya buga hatimi, ya ce, "Hajiya, sannu," da muryar da ba ta san yana da ita ba.

Ita ta riƙo hannun Gwana zuwa ƙofar zaure. Yarinyar ta ɗan tsaya ta ce, "Anti, hannunki sanyi ƙalau. Lafiya?"

"Lafiya lau. Tsufa ne. Shiga ki ba su mamaki."

Aka rufe ƙofa. Anti ta yi niyyar komawa ofis, sai ta fasa, ta zauna a kan matakala. Daga ciki shiru, sai ƙarar buɗe takardu. Jim kaɗan ta jiyo tsinken Gwana ya fara huda takarda, ƙyas-ƙyas-ƙyas, da sauri, ba tsayawa. Nan ta ja bakin mayafi ta rufe fuska, ta yi kukanta son ranta.